Ƙarfi a Oktoba, tsere a Disamba: shekara biyu ta wani ɗan tseren keke a Maraɗi

A watan Oktoba na 2023 babu mai iya riƙe tayar wani matashi ɗan shekara 22 cikin ƴan keken da ke fita atisaye daga Maraɗi ranar Lahadi. In ya miƙe a hanyar Cadawa sai dai a hangi bayansa. Wata biyu bayan nan, a tseren tsakiyar Disamba wanda kowa ke yi wa tanadi duk shekara, ayari ya zubar da shi tun ba a ci rabin hanya ba. Ya iso shi kaɗai, bayan mutanen da ya saba bari suna haki. Bai yi faci ba, sarƙa ba ta tsinke ba, ba shi da zazzaɓi. A fada, wato majalisar hirar samari, aka ce baki ne ya kama shi, don an cika yabonsa. Innarsa ta aiko da rubutu daga ƙauye. Ni da ke bin su a babur ina riƙe musu agogo, abin da na gani ya fi wannan sauƙin fahimta: ƙarfinsa ya kai ganiya mako takwas kafin ranar da ake bukatarsa, ya ci gaba da dukan jiki bayan ganiyar ta wuce, ranar tsere ta same shi fanko.

Abin da ke biye bayani ne na yadda aka sake tsara masa shekarar 2024, da inda tsarin ya yi aiki, da inda rayuwar Maraɗi ta tilasta aka lanƙwasa shi.

Yadda 2023 ta tafi

Yaron, wanda zan sakaya sunansa, yana koyon walda ne a cikin gari. Tun safe har la'asar yana tsaye tsakanin wuta da ƙarfe. Iyayensa manoma ne a wani ƙauye bayan Tsibiri, kuma duk damina can yake. Nauyinsa kilo 62. Kekensa gwanjo ne, ba shi da na'urar auna ƙarfin feda, ba shi da agogon bugun zuciya. Waya ce kawai da data, da bidiyon ƙwararrun Turai da yake kwana kallo a YouTube.

Daga Yuni zuwa tsakiyar Satumba kusan bai hau keke ba sai na zuwa gona. Da aikin ya lafa ya dawo gari jiki a murɗe, ya shiga atisaye da zafinsa, kwana shida a mako, kowace fita tsere. Wanda ya san ƴan keken garin nan ya san halin fitar Lahadi. Za a yi alkawarin tafiya a hankali, kafin a bar gidajen ƙarshe na gari wani ya taka, shi ke nan kowa ya manta da alkawari. Jikin da ya sha aikin fartanya wata uku, in aka ɗora masa gudu mai zafi, cikin mako huɗu zuwa shida yake tashi. Shi ya sa Oktoba ta yi masa kyau haka.

A Nuwamba alamu suka soma fitowa. Barci ya guje shi, abinci ya fita ransa, ya zama mai saurin fushi, murar da ta zo da ƙurar hunturu ta ƙi tafiya. Da ya ji ƙafa ta yi nauyi sai ya yi abin da kusan kowane matashi zai yi, ya ɗauka atisayen ne bai isa ba, ya ƙara. Har wani ya ba shi shawarar tiramol. Allah ya sa bai bi ba. Ban da illar ƙwayar ga lafiya, hukumar tseren keke ta duniya ta haramta ta a cikin gasa tun Maris na 2019, kuma daga Janairun 2024 ta shiga jerin haramtattun ƙwayoyi na dukkan wasanni. Abin da take yi shi ne ta toshe kunnen mutum ga kukan da jikinsa ke yi.

Wani masanin motsa jiki a Kanada, Eric Banister, ya yi bayanin wannan tun 1975. Kowane atisaye yana barin abu biyu a jiki, ƙarfi da gajiya. Gajiya tana hawa da sauri, tana sauka da sauri. Ƙarfi a hankali yake taruwa, a hankali yake zubewa. Abin da ɗan tsere zai nuna a hanya shi ne ƙarfin bayan an debe gajiyar. Yaron nan a Disamba bai rasa ƙarfi ba, ƙila ma ya fi na Oktoba. Gajiya ce ta hau kansa ta zauna, kuma bai taɓa ba ta kwana uku a jere ta sauka ba.

Kalandar da ba tamu ba

Raba shekarar ɗan wasa gida-gida, lokacin shimfiɗa tushe da na zafi da na gasa da na hutu, tsohon ilimi ne. Lev Matveyev na Tarayyar Sobiyet ne ya tsara shi a rubuce a shekarun 1960. Amma kalandar da ƴan keke ke gani a intanet ta Turai ce: hutu a Oktoba da Nuwamba, doguwar tafiya cikin sanyi, gasa daga bazararsu zuwa kaka, Giro na Italiya a Mayu, Tour de France a Yuli. Wanda ya kwafe ta a Maraɗi zai sami kansa yana neman ganiya lokacin noman farko, yana hutu lokacin da yanayi ya fi dacewa da keke.

Tamu shekarar ga yadda take. Disamba zuwa Fabrairu sanyi da iska da ƙura, lokacin da mutum zai yi awa huɗu a sirdi bai narke ba. Maris zuwa Mayu zafi, Afrilu da Mayu sukan haura digiri 40. Yuni zuwa Satumba damina, gona tana kiran duk wanda ke da ita, sauro kuma yana jiran kowa. Oktoba da Nuwamba kaka. A kan wannan duka ga azumi, wanda ke matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara. A 2024 ya kama daga 11 ga Maris zuwa farkon Afrilu, ya haɗu da wani zafi da ya addabi yankin Sahel gaba ɗaya, har a Kayes ta ƙasar Mali aka auna sama da digiri 48.

Ƴan kokawa sun riga mu gane wannan. Ba a neman takobin zakaran kokawa a tsakiyar damina. Sai an girbe, an ci an ƙoshi, sanyi ya shigo, sannan a shiga sansani a fito fili. Ba ka taɓa jin ɗan kokawar kirki yana karawa da kowa kullum tun daga Satumba yana sa ran ya kai wasan ƙarshe da ƙarfinsa.

Lissafi daga baya

Abu na farko da muka yi a Janairun 2024 shi ne zaɓen tsere ɗaya. Na tsakiyar Disamba. Sauran duka, ko an shiga, atisaye ne. Daga ranar muka yi lissafi da baya: mako biyun ƙarshe na sauke kaya, mako shida kafin su na zafi, Agusta da Satumba na ƙara nauyi sannu a hankali, Yuni da Yuli na gona, azumi na riƙe abin da ake da shi, Janairu da Fabrairu na doguwar tafiya.

Kayan aikinmu littafin ƴan makaranta ne mai layi da biro. Kowace asuba, kafin ya tashi alwala, yana kwance zai sa yatsa biyu a wuyan hannu ya ƙirga bugun zuciya na minti ɗaya cif da agogon waya. Ya rubuta lambar, ya rubuta awa nawa ya yi barci, ya rubuta kalma ɗaya game da ƙafa: sakayau, ko dama-dama, ko nauyi. Bayan mako uku muka san nasa bugun yana zama tsakanin 50 da 53. Muka yi doka: in ya haura da bakwai ko fiye kwana biyu a jere, ranar babu zafi, ko me aka rubuta a tsari.

Nauyin aiki kuma muka auna shi da dabarar da Ba'amurke Carl Foster ya yaɗa. Bayan atisaye mutum ya ba wahalarsa maki daga 0 zuwa 10, ya ninka da mintocin da ya yi. Tafiyar awa biyu a hankali, minti 120 sau 3, ta ba da 360. Awa ɗaya ta gudu mai zafi, 60 sau 8, ta ba da 480. Abin da muka ƙara, wanda nake ganin shi ne zuciyar wannan nazari, shi ne mun sa aikin gona da aikin gareji a cikin lissafin. Noma daga hantsi zuwa azahar, a ce minti 300 da maki 5, ya ba da 1,500. Wato yini ɗaya na fartanya ya fi fita huɗu ta keke a hankali nauyi. Ranar da ya ga lambar a rubuce ya yi shiru, sannan ya ce, "Kawu, ashe da damina ba hutu nake ba." Noma ba ya koya wa ƙafa juya feda, gaskiya ne, amma jiki ɗaya ne ke biyan bashin duka biyun, kuma barci ɗaya ne ke gyara su.

Janairu da Fabrairu sun tafi lafiya, babu abin faɗa da yawa. Bayan hutun mako biyu ba keke ko kaɗan, ya shiga doguwar tafiya a gudun da zai iya hira bai yanke numfashi ba, wajen kashi huɗu cikin biyar na lokacinsa a haka. Mako uku ana ƙarawa, na huɗu a rage. Wahalar kawai ita ce hana shi bin masu takawa ranar Lahadi. Sau da yawa sun bar shi a baya suna yi masa dariya, wai zakaran bara ya zama tsoho.

Da azumi ya zo muka sauke tsawon lokaci sosai, muka bar ɗan zafi. An daɗe da sanin cewa ana iya riƙe ƙarfi makonni da dama da rabin aiki ko ƙasa da haka, muddin ba a cire zafin gaba ɗaya ba. Fita da dare a babbar hanya tsakanin manyan motoci ba abin yi ba ne, don haka ya yi amfani da sana'arsa. Ya walda wata ƙafa ta ƙarfe da ke ɗage tayar baya, ya sa mata wani bututu mai juyawa da tayar ke gurza, ya kafa ta a tsakar gida. Bayan asham, cikinsa da kunu da dabino da ruwa, zai hau minti 45: ya ɗumama jiki, ya yi minti huɗu da ƙarfi sau huɗu da hutu tsakani, ya sauka. Dare biyu a mako. Wasu ranakun kuma minti 40 a hankali dab da shan ruwa. Ƙarar na'urar ta sa yaran maƙwabta leƙe ta katanga, amma ta yi aikinta.

A Mayu ruwa ne ya zama darasi. Muka auna shi a sikelin mai sayar da hatsi kafin fita da bayan dawowa. Fitar awa biyu da ta kai hantsi ta cinye masa kusan kilo biyu, duk da gorar da ya shanye. Kowane kilo lita ɗaya ce ta gumi. Masana sun daɗe suna cewa in asarar ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, aiki yana raguwa, kuma ga mai kilo 62 wannan bai kai kilo ɗaya da rabi ba. Daga nan fita ta koma bayan sallar asuba kai tsaye, a dawo kafin takwas da rabi, da gora biyu, ɗaya ruwa zalla, ɗaya irin haɗin da ake yi wa yaro mai gudawa: ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. Da an sauka kuma fura da nono kafin wanka.

Tseren Agusta

A Yuli, yana gona, Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci zango uku a Tour de France ya tafi da koriyar riga ta wanda ya fi tara maki, baƙar fata ɗan Afirka na farko da ya yi haka. Duk wani yaro mai keke a Maraɗi jininsa ya tashi. Aka kuma sanar da wani tsere a farkon Agusta. Yaron ya kira ni daga ƙauye yana so a sake tsari, a yi masa ganiya biyu.

Ganiya biyu a shekara abu ne mai yiwuwa in akwai tazara da hutu tsakaninsu, kuma tsakanin Agusta da Disamba akwai tazarar. Abin da babu shi ne mako shida na zafi kafin Agusta, don makonnin nan na noman farko da maimai ne. Na tuna masa cewa a shekarar nan Tadej Pogacar ya ci Giro da Tour duka biyu, amma kafin shi sai an koma 1998 wajen Marco Pantani. Shekara 26 ƙwararrun da ke da likitoci da masu dafa musu abinci da masu yi musu tausa sun kasa haɗa ganiya biyu da ke kusa da juna. Shi kuma yana da fartanya. Ya shiga tseren a matsayin atisaye, ya zauna cikin ayari, ya ƙare a tsakiya. Bai ji daɗi ba, kuma bai ɓoye ba.

Zazzaɓin Satumba

Daminar 2024 ta zo da ruwa mai yawa, ambaliya ta yi ɓarna a Maraɗi a ƙarshen Agusta, ruwa ya kwanta ko'ina. A mako na biyu na Satumba littafin ya riga shi sanin abin da ke tafe: bugun asuba ya tashi daga 52 zuwa 61, washegari 64. Daren ranar jiki ya ɗau zafi. A likita aka ɗiga jininsa a ɗan katakon gwaji, layi biyu suka fito. Zazzaɓin cizon sauro. Aka ba shi maganin kwana uku.

Kwana biyu da gama magani ya ce ya warke, zai hau. Nan ne shekarar ta tsaya a kan siraɗi. Zazzaɓin sauro jajayen ƙwayoyin jini yake fasawa, su ne kuma ke kai iska ga tsoka. Zafin jiki yana sauka cikin kwanaki, amma jini makonni yake ɗauka kafin ya cika. Muka koma aka auna masa himogulobin, sinadarin da ke kai iska a cikin jini, aka same shi ƙasa da 12, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar ƙasa da 13 ga namiji baligi a matsayin ƙarancin jini. Wanda ya yi gudu mai zafi a wannan hali zuciyarsa kawai yake wahalarwa, ba abin da zai ƙaru.

Tsoronsa shi ne duk abin da ya tara tun Janairu zai zube. Ba haka ba ne. A binciken da Edward Coyle da abokan aikinsa suka buga a 1984, ƙwararrun da suka daina atisaye ɗungurungum sun rasa kimanin kashi 7 cikin 100 na iya jan iskarsu a mako uku na farko. Asara ce, amma ba rushewa ba ce, kuma wanda ya shimfiɗa tushe yana maido ta da wuri. Muka yanke kwana goma ba keke, sannan mako biyu na tafiya a hankali kawai, ba ta wuce awa ɗaya da rabi ba. Abinci ya koma wake da hanta da zogale da nama in an samu. Shayin fada, wanda samarin garin nan ke kai wa tsakar dare a kansa, muka raba shi da lokacin cin abinci, don shayi yana rage yadda hanji ke tsotsar sinadarin ƙarfe. Hakan ya kuma maido masa da awa biyu na barci ba tare da an yi faɗa ba. Gidan sauro ya zama dole, ko ana zafi.

Wannan jinya ta ci mana mako uku da ɗoriya, don haka zangon zafi ya koma mako huɗu da rabi maimakon shida, kuma bai fara ba sai da gwajin ƙarshen Oktoba ya nuna jini ya haura 13. Akwai masu ganin da sai a ci makon sauke kaya a cike giɓin. Ban yarda ba, kuma har yau ban yarda ba. Gara a isa tsere da ɗan ragowar aikin da ba a yi ba, da a isa da gajiyar da ba ta sauka ba.

A zangon zafin muka yi aiki da abin da hanyar Disamba za ta tambaya. Ƙasarmu shimfiɗe take, babu dutsen hawa, iska ce ke tace mutane. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, don haka mai nufar Cadawa da Agye tana dukansa ta gaba ta hagu. Ayari sai ya jeru a karkace zuwa dama, kuma faɗin kwalta mutum kaɗan yake ɗauka. Wanda ya rasa wuri a jerin ya sha iska shi kaɗai, alhali na cikin jeri yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalarsa. Saboda haka atisayen ya zama minti takwas-takwas da ƙarfi cikin iska ranar Talata, gajerun tashi na rabin minti ranar Alhamis, Lahadi kuma aka sake shi ya yi tsere da abokansa yadda ya ga dama. Sauran ranaku a hankali ƙwarai, ko babu.

Mako biyun ƙarshe

A 2007 Laurent Bosquet da abokan aikinsa suka tattara bincike 27 kan rage atisaye kafin gasa. Abin da ya fi ba da sakamako shi ne mako biyu, a rage yawan aikin da kashi 41 zuwa 60 cikin 100, amma kada a taɓa zafinsa, kada kuma a rage yawan ranakun fita. Ribar da aka saba gani wajen kashi 3 cikin 100 ce. A kunne kaɗan ce. A tafiyar awa uku ta mutum shi kaɗai ta haura minti biyar. A cikin ayari ba haka ake lissafi ba, amma ita ce bambancin wanda ya kama jeri lokacin da aka taka da wanda ya ga jerin yana tafiya.

Haka muka yi. Fitar awa uku ta koma ɗaya da rabi, zagaye biyar masu zafi suka koma uku, sannan biyu. A kwana na huɗu ya zo da fuska a murtuke, wai ƙafafunsa sun kumbura, sun yi masa kamar ba nasa ba. Wannan sananne ne. Tsoka tana cika rumbunta na sukari, sukarin kuma da ruwa yake zama, sai mutum ya ji nauyi har sikeli ya ɗan motsa. Yakan wuce.

Matsalar da ba ta cikin kowane littafi daga gareji ta fito. Maigidansa ya ga yaro yana dawowa da wuri, ga odar ƙofofi da tagogi ta taru, sai ya ƙara masa aiki har bayan magariba. Lissafin littafi ya nuna abin da muka rage a keke ya dawo ta ƙofar baya, har da riba. Na je da kaina bayan la'asar, na same shi a kan benci yana duba wata ƙofa. Muka gaisa, na tambayi iyali da kasuwa, sannan na ce, "Alhaji, alfarma na zo nema. Yaron nan naka kwana tara suka rage masa. A ɗan ɗauke masa ɗaukar ƙarfe da tsayuwar dare, bayan tsere ya biya ka da Lahadi biyu." Ya dube ni ya ce, "Malam, ni na ga ya rage hawan keken ne, na ce to ya samu sarari." Na ce ai hutun shi ne aikin yanzu. Ya yi dariya, ya ce bai taɓa jin aikin da ake yi a kwance ba, amma ya amince. Ya mai da shi wajen fenti da awo, ya riƙa sallamarsa da la'asar. A ganina wannan zama na minti goma ya yi wa shekarar amfani fiye da kowane atisayen Talata.

Kwana biyu kafin tsere tuwo da shinkafa suka ƙaru, mai da yaji suka ragu. Jajibiri ya yi minti 40 da ɗan tashi uku gajeru. Bugun asubar ranar tsere 54, wanda na ɗauka zumuɗi ne.

Sakamako, da abin da ba za a ɗora wa tsari ba

Bai ci tseren ba. Da aka juya cikin iska ayari ya tsage, ya kama jerin gaba, ya zauna a ciki har ƙarshe, ya zo na uku a gudun ƙarshe. Ya tashi da wuri, tun saura wajen mita 400, mutum biyu suka bi tayarsa suka wuce shi a bakin layi. Wannan kuskuren dabara ne, ba na ƙafa ba, kuma wanda bai taɓa isa ƙarshen tsere a gaba ba dole ya yi shi.

Ba zan ce tsarin ne kaɗai ya kawo bambanci ba. Ya ƙara shekara ɗaya ta gogewa. A 2023 iyakar Najeriya a rufe take tun bayan juyin mulkin Yuli, kayan keke da ke shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa sun yi wuya, ya yi tseren da tayoyin da suka sha faci. A 2024 iyaka ta buɗe tun Maris, ya hau sababbi. Abokan karawar ma ba lalle su ne na bara ba. Shaidar da na fi yarda da ita ita ce gwajin da muke yi duk mako huɗu a wuri ɗaya, kilomita biyar zuwa da biyar dawowa don iska ta biya kanta, da asuba, shi kaɗai. A 2023 mafi kyawun lokacin da na riƙe masa a wannan wuri na Oktoba ne. A 2024 na makon farko na Disamba ne, kuma na Oktoba ne mafi muni.

Wani dattijo cikin tsofaffin ƴan keken garin yana ganin mako biyu sun yi yawa ga yaron da zazzaɓi ya riga ya hutar, kwana takwas sun isa. Yana iya yin gaskiya. Mutane sun bambanta a wannan, kuma da gwaji ɗaya ba a sanin na wani.

Tsarin shekarun gaba ba zai zama kwafin wannan ba, don azumi yana cin watannin sanyi daga baya. A 2025 ya kama a farkon Maris, a 2026 a tsakiyar Fabrairu, kuma wajen 2031 zai faɗo cikin Disamba kanta. Tagar doguwar tafiya tana ƙanƙancewa kowace shekara, don haka hutun bayan tsere ya koma kwana goma, tushe ya fara tun makon farko na Janairu. Akwai kuma maganar da yaron ya soma yi ta tseren kwanaki da yawa irin Tour du Faso na Burkina Faso, wanda aka fara a 1987 kuma aka saba yi a ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba. In har wata rana aka kira shi irin wannan, zangon zafinsa zai faɗa Satumba, tsakiyar sauro da jajibirin girbi, kuma sai an nemo wanda zai riƙe masa fartanya tun daga Agusta. Mun yi lissafin kuɗin ɗan ƙwadago na wata biyu, mun rubuta a bayan littafin, ya ce zai fara yi wa babansa maganar bayan Sallah.